Tsohon Gilashin Anamofik: Abin Da Mai Ɗaukar Bidiyo A Kaugama Zai Duba Kafin Ya Tura Kuɗinsa

Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Kaugama zuwa Auyo, daga Malam Madori zuwa Kiri Kasamma, babu wani tsauni da ke tare ido. Fadama ce da gonakin shinkafa da alkama da riɗi, garken shanu, 'yan jigayin rairayi, sai sararin sama. Matasan yankin da ke ɗaukar bidiyo da waya sun san matsalar da hakan ke jawowa. In an matso don fuskar masunci ta fito, ruwan ya ɓace. In an ja da baya don ruwan ya fito, masuncin ya koma ɗan ɗigo a tsakiyar hoto.

Masu shirya fim sun daɗe da samo maganin wannan matsala, wato gilashin kyamara da ake kira anamofik. Sababbi na manyan kamfanoni sun fi ƙarfin aljihun talaka, shi ya sa duk wanda ya fara bincike a YouTube yakan ƙare a kan tsofaffi, waɗanda aka ciro daga majigin gidajen sinima. Sai dai cinikin yana da tarkuna da yawa. Kuɗin da ake magana a kai daloli ne, kuma ga matashin da ke zaune a Kaugama suna iya zama ribar noman shekara guda, ko abin da ya tara daga ɗaukar bukukuwa na watanni.

Mene ne anamofik?

Gilashin kyamara na yau da kullum zagayayye ne, yana lanƙwasa haske daidai wa daida ta kowane ɓangare. Anamofik kuwa yana ɗauke da gilasai masu siffar gefen gwangwani, waɗanda suka lanƙwashe ta fuska ɗaya kawai. Aikinsu shi ne su kwaso hoto mai faɗi su matse shi daga dama da hagu har ya shiga cikin sensar kyamara, ba tare da sun taɓa tsayinsa ba. Idan aka duba ɗanyen bidiyon, za a ga mutane sun zama dogaye sirara, tayar babur ta koma kamar ƙwai a tsaye. Wajen tacewa ko wajen haskawa ne ake warware matsin, komai ya koma siffarsa, hoton ya fito da faɗinsa.

Ban da faɗi, akwai alamomi biyu da suka sa ake son sa. Ta farko ita ce zaren haske da ke ratsa hoto a kwance idan fitila ta haska gilashin, kamar fitilar babur da daddare. Ta biyu ita ce fitilun da ke can baya, waɗanda ba su shiga fokas ba, suna fitowa da siffar ƙwai maimakon da'ira. Waɗannan ne ke sa mai kallo ya ji kamar fim ɗin sinima yake kallo, ko da bai san dalili ba.

Daga tankar yaƙi zuwa sinimar Kano

Wani masanin taurari ɗan ƙasar Faransa mai suna Henri Chrétien ne ya fara aiki a kan dabarar lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don sojojin da ke cikin tanka su riƙa hango fili mai faɗi. A shekarun 1920 ya mayar da ita gilashin fim, ya sa masa suna Hypergonar. Ya ɗauki shekaru ba a kula shi ba, har sai da talabijin ta fara ƙwace wa gidajen sinimar Amurka 'yan kallo. Kamfanin 20th Century Fox ya sayi fasahar, ya sa mata suna CinemaScope, ya fitar da fim ɗin The Robe a 1953. Indiya ta bi sahu a 1959 da Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt.

Ta wannan hanya fasahar ta iso ƙasar Hausa. Kano ta san sinima tun 1937 da aka buɗe Rex, sannan Palace ta zo a 1952, daga baya aka sami irin su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Duk fim ɗin Indiya ko na Amurka da aka ɗauka a matse, sai an ɗaura wa majigi gilashin anamofik a gaba kafin ya fito daidai a bango. Su kuma finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka haife su, don akwatin talabijin mai kusan murabba'i. Wannan ne ya sa tsarar da ta taso da Kannywood ba ta gaji wannan gilashi a wurin ɗauka ba.

Yadda tsofaffin suka dawo kasuwa

Abu biyu ne suka haɗu. Daga 2008, lokacin da Canon 5D Mark II ta fito, kyamarorin hoto suka fara ɗaukar bidiyo mai kyau a farashin da mutum ɗaya zai iya biya. A 'yan shekarun da suka biyo baya kuma gidajen sinima a duniya suka koma majigin dijital, aka jibge tsofaffin gilasai a sito. Masu ƙaramin ƙarfi suka gano cewa gilashin da aka ƙera don ya warware hoto a gaban majigi, in aka ɗaura shi a gaban kyamara, matse hoton zai yi. Da Panasonic ta ƙara wa GH4 tsarin ɗaukar anamofik a 2015, sai nema ya ƙaru, farashi ya tashi.

Abin da ake samu a kasuwar gwanjo ya kasu gida-gida:

- Ƙananan gilasan majigin fim mai faɗin milimita 16, irin su Sankor 16C da 16D, da Kowa 16-H da 8-Z, duk ƙirar Japan. Kowa a nan sunan kamfani ne, farashinsa kuma ba na kowa da kowa ba ne. Suna matse hoto ninki 2, nauyinsu bai wuce kusan rabin kilo ba, kuma su aka fi nema.
- Gilasan majigin sinima na baya-bayan nan, irin su Isco Ultra Star da Schneider Cinelux na Jamus. Hotonsu ya fi tsafta, amma zaren haskensu kaɗan ne, saboda shafen da aka yi musu na hana ƙyalli.
- Manyan gilasan tsofaffin gidajen sinima. Wasu sun haura kilo ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ba sa kama abu sai ya yi nisan mita da dama. Su ne suka fi araha, su ne kuma suka fi zama kayan ado a kan kanta.
- Waɗanda aka ƙera don kyamara tun asali, irin su Iscorama mai matsin 1.5, da Panasonic LA7200 mai 1.33, da LOMO na tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Iscorama da LOMO dubban daloli ake maganarsu.

Wanda aka yi wa tallar gilashin da aka ce daga wata tsohuwar sinimar Kano ko Kaduna aka ciro shi, ya sa a ransa cewa mai yiwuwa daga rukuni na uku ne. Tarihinsa abin sha'awa ne, amma ba lallai ya yi aikin ɗaukar fim ba.

Lissafi kafin ciniki

Lambar matsi ita ce abu na farko da za a duba, kuma lissafinta ba wuya. Waya da yawancin kyamarori suna ɗaukar bidiyo a ma'aunin 16:9, wato faɗin ya ninka tsayi sau 1.78. Ma'aunin sinima mai faɗi a yau 2.39 ne. Sai a ninka:

- 1.78 sau 1.33 ya ba da 2.37, kusan daidai da na sinima.
- 1.78 sau 1.5 ya ba da 2.67, sai an ɗan yanke gefe.
- 1.78 sau 2 ya ba da 3.56, hoto siriri kamar ɗamara, sai an zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa.

Ke nan mai matsin ninki 2, wanda shi ne mafi yawa a cikin tsofaffin, yana son kyamarar da ke ɗaukar bidiyo a 4:3, inda lissafin zai tsaya a 2.66. Duk wanda kyamararsa ba ta da wannan tsari, zai biya kuɗin faɗin da zai yanke ya yar.

Akwai wani lissafin da ya fi shafar masu waya. Idan aka ɗora bidiyo mai ma'aunin 2.39 a TikTok ko a sitatus ɗin WhatsApp, mai kallo kuma yana riƙe da wayarsa a tsaye, faɗin fuskar fiksel 1080 ne, tsayin hoton zai zama 452 kacal cikin 1920. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar wayar ba, sauran duk baƙi ne. Anamofik na wanda ke yi wa YouTube aiki ne, ko talabijin, ko majigi, ko gasar gajerun finafinai, inda ake kwantar da allo.

Zai hau waya kuwa?

Tsohon gilashin majigi ba ya haɗa hoto shi kaɗai. A gaban wani gilashin ake ɗaura shi, wanda shi ne ke manne da kyamara. Kuma na bayan ba zai kasance mai faɗin gani ba, in ba haka ba kyamara za ta hango bangon cikin bututun, kusurwoyin hoto su yi baƙi kamar ana leƙe ta rijiya. Ga mai matsin ninki 2, yawanci ana buƙatar gilashin baya na wajen milimita 85 a kyamara mai cikakkiyar sensa, ko 50 zuwa 58 a mai matsakaiciya. Wannan ne ya sa Helios 44-2, tsohon gilashin Sobiyat mai milimita 58, ya yi suna a wannan harka, ga shi da araha don an ƙera shi da yawan gaske.

Babbar kyamarar waya kuwa daidai take da milimita 24 zuwa 26. Ta yi faɗi da yawa. Sai dai a koma kan kyamarar jawo nesa, mai ninki 2 ko 3, in wayar tana da ita ta gaske. Wayoyi da yawa masu matsakaicin farashi ba su da ita, yanke hoto kawai suke yi su faɗaɗa. Bayan haka sai an sami keji irin na Beastgrip da zai riƙe waya da gilashin a layi ɗaya, tunda gilashin ya ninka wayar nauyi. Ƙaramin gimbal na waya ba zai ɗauka ba. Ko an yi duk wannan, sensar waya ƙarama ce, kusan komai na shiga fokas, don haka siffar ƙwan nan ta baya ba ta fitowa sosai.

A taƙaice, tsohon anamofik abokin kyamara ne mai cire gilashi. Wanda waya kawai yake da ita, akwai abin da ya fi dacewa da shi, kuma bayaninsa na nan tafe.

Kuɗin da ba a rubuta a talla ba

Farashin da ke jikin talla na gilashin ne tsirara. Kafin a ɗauki minti ɗaya na bidiyo sai an ƙara maɗaurin da zai haɗa shi da gilashin baya, da sanduna ko matokarin da zai ɗauke nauyinsa don kada ya karya bakin kyamara, da ƙafar kyamara mai ƙarfi, da filtar rage haske saboda ranar Jigawa.

Sannan ga matsalar fokas biyu. Gilashin gaba yana da nasa zoben, na baya yana da nasa, kuma dole a saita su a nisa ɗaya kafin hoto ya fito tas. In abin da ake ɗauka ya matsa, a sake saita duka biyun. Wannan ba matsala ba ce wajen hira da dattijo a zaune a gindin bishiya. Amma a hawan Sallah a Haɗeja, doki ba zai tsaya jiran kowa ba. Maganin shi ne a ƙara wani gilashi na uku a gaba, wanda ke mayar da fokas ɗin ya zama ɗaya, irin na SLR Magic ko Rapido ko Rectilux. Shi ma ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci ya kai kuɗin anamofik ɗin kansa. Kuma ko ƙananan gilasan nan ba sa kama abin da ya gaza kimanin mita ɗaya da rabi, don haka ɗaukar fuska kusa-kusa na buƙatar ƙarin gilashin kusanto.

Wanda bai tara waɗannan duka a takarda ba kafin ya biya kuɗin farko, zai iya wayar gari da gilashi a hannu, ba abin ɗaura shi.

Yadda ake duba shi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In gilashin yana Kano ko Kaduna ko Abuja, kuɗin mota bai kai asarar da za a yi ba in aka saya a makance. Tocilar waya ita ce babban kayan aiki. A shiga wuri mai ɗan duhu, a haska ta baya, a duba ta gaba a karkace, sannan a juya.

Fumfuna tana fitowa kamar yanar gizo ko saiwar ciyawa, yawanci daga gefe take farawa. In ta daɗe takan cinye shafen gilashin, ko an goge tabon na nan. Hazo kuwa kamar tururi ne a ciki, yana kashe kaifin hoto, baƙi ya koma toka-toka. Na uku shi ne rabuwar gilasai. Wasu gilasan biyu ne aka manne da gam, in gam ɗin ya tsufa sai a ga launin bakan gizo ko rawaya-rawaya a gefe, ko 'yan kumfa. Gyaran wannan sai ƙwararre, kuma da wuya kuɗin gyaran ya yi daidai da darajar kayan. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, duk tsohon gilashi yana da ita. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Daga nan sai a juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul, ba cijewa, ba sako-sako. A duba bakin ko ya lotsa, alamar ya taɓa faɗuwa. A duba kan sukurori, in sun ci, to wani ya taɓa buɗe shi.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne na daidaiton ciki. Gilasan gaba da na baya na cikin anamofik dole su kalli juna daidai, in ɗaya ya ɗan juya ko da kaɗan ne, hoto ba zai taɓa yin kaifi ba. A ɗaura shi a kyamara, a saita zobban biyu a nesa mafi nisa, a nufi ƙarfen sabis ɗin waya da ke can nesa. Ƙarafan tsaye da na kwance su fito da kaifi a lokaci guda. In kullum ɗaya ne ke fitowa ɗayan ya dushe, duk yadda aka juya, a ajiye shi a yi sallama.

In daga nesa za a saya, a nemi mai kayan ya turo bidiyon wannan gwaji na tocila, da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar, da lambar jikin gilashin a fili. A tallan ƙasashen waje, kalmomin da za a sa wa ido su ne fungus da haze da separation. Duk inda aka rubuta as is ko for parts, ma'anarsa in ka saya ka saya, babu dawowa.

Biya da jigila

A cikin gida, irin wannan kaya kan ɓullo jefi-jefi a Jiji da Facebook Marketplace da zaurukan masu ɗaukar hoto. Ƙa'idar ita ce ta kowane cinikin intanet: ba a cinikin biri a sama. 'Yan damfara sukan kwafi hoton kaya daga shafukan waje, su sa farashin da ya yi araha fiye da kima, su nemi kafin alƙalami. Ana iya gane hakan ta hanyar saka hoton a Google Lens don ganin inda ya taɓa fitowa. A haɗu a fili, a gwada, sannan a biya. In ba za a iya zuwa ba, a tura amintaccen da ya san kyamara.

Daga waje, eBay ce babbar kasuwa, kuma da yawa daga masu sayarwa a Japan da Jamus da gabashin Turai suke. eBay tana da tsarin mayar da kuɗi in kaya ya saɓa wa bayaninsa, amma sharaɗin shi ne a yi biyan a cikin shafin. Duk wanda ya ce a koma WhatsApp a ƙarasa ciniki don a sami ragi, kariyar ce yake son a bari. Ba kowane mai sayarwa ke turowa Najeriya ba, katunan banki da yawa suna da iyakar abin da za a kashe da dala, ga kuɗin jigila, ga harajin kwastam. Kayan kuma da wuya su iso Kaugama kai tsaye, sai an ba da adireshin wani a Kano ko Dutse. A ɗauki bidiyon buɗe kwalin daga farko har ƙarshe, shi ne shaida in an tarar da fashewa.

Damina da hunturu

Gilashin da ya yi shekara hamsin lafiya a sito a Japan yana iya lalacewa a damina ɗaya a bakin fadama. Fumfuna tana son laima da duhu da rashin iska, kuma daga Yuli zuwa Satumba yankin Haɗeja yana da duka ukun. Jakar kyamara da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado ita ce gonarta. Abin yi shi ne a sami robar abinci mai murfi mai kamawa sosai, a zuba ƙullin silika irin wanda ake samu a kwalin takalmi ko na waya, a riƙa busar da su a kai a kai. In da hali a saka ɗan ma'aunin laima a ciki, a riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Gilashin da ke da fumfuna a ware shi daga sauran.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ƙurar tana ɗauke da rairayi, in aka goge ta da gefen riga ko rawani, an ƙarje gilashin ke nan. A fara hure ta da robar hura iska, a bi da buroshi mai laushi, sannan tsumman goge gilashi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a bar shi a cikin mota ko but ɗin babur, don zafi na narkar da man zoben fokas ya yi tururi ya zauna a gilashi, yana kuma raunana tsohon gam. Wanda zai shiga kwalekwale da shi a Baturiya, ya ɗaure shi da igiya a jikinsa.

Warware hoton

Kafin ɗauka sai an tabbatar anamofik ɗin ya zauna a miƙe. A haska tocila a gabansa, zaren hasken ya kwanta daidai. In ya karkace, duk gine-gine da mutanen da ke cikin hoton za su jingina gefe guda, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce.

Manhajoji irin su Blackmagic Camera, wadda kyauta ce amma ba kowace wayar Android take hawa ba, da FiLMiC Pro, suna nuna hoton a warware tun ana ɗauka. A kwamfuta, DaVinci Resolve tana da wurin canza siffar fiksel na kowane bidiyo. Masu son rubuta umarni da hannu kuma, ffmpeg na yin aikin da layi ɗaya, har a wayar Android ta cikin Termux. Ga misalin bidiyon 1920 da 1080 da aka ɗauka da matsin 1.33:

ffmpeg -i asali.mp4 -vf "scale=2560:1080,setsar=1" sabo.mp4

Hanyar tabbatar da cewa an warware daidai ita ce a ɗauki wani abu zagayayye a farkon aiki, kamar faifai ko tayar keke. In ya fito da'ira cif, lissafi ya yi.

Hanyoyi masu sauƙi

Ga mai waya, akwai ƙananan gilasan anamofik da aka ƙera musamman dominta, masu matsin 1.33 ko 1.55, daga kamfanoni irin su Moment da Moondog Labs da Ulanzi. Ba su da nauyi, fokas ɗaya ne, farashinsu kuma ɗan kaɗan ne in an kwatanta. Kada a raina su. Da wayoyin iPhone 5s da gilashin Moondog Labs ne Sean Baker ya ɗauki fim ɗin Tangerine, wanda aka nuna a bikin Sundance a 2015. Shekara goma bayan haka, a 2025, ya lashe kyautar Oscar da fim ɗin Anora, wanda aka ɗauka da tsofaffin gilasan LOMO. Da ƙaramin ya fara kafin ya kai ga babban.

Ga mai kyamara, tun wajen 2020 kamfanin Sirui yake fitar da sababbin gilasan anamofik da ke hawa kai tsaye, ba maɗauri, ba fokas biyu, a ƙasa da dala dubu. Idan aka tara kuɗin tsoho da kayan haɗinsa, sau da yawa sabon ya fi araha.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko kwabo. A ɗauka a 16:9, a yanke sama da ƙasa wajen tacewa. Daga layuka 1080 za a rage da 803, asarar kusan kashi 26 cikin ɗari, wadda ba ta damun wanda ya ɗauka a 4K. Zaren hasken ma ana iya ƙirƙirarsa da zaren kamun kifi na roba, abin da ba ya wuya a Haɗeja. In aka miƙe siririn zaren a tsaye a gaban gilashi, hasken fitila zai bazu a kwance.

Wa ya kamata ya saya?

Tsohon anamofik ya dace da wanda ya riga ya mallaki kyamara mai cire gilashi, ya iya saita fokas da hannu, yana da makirfo mai kyau da fitilu da isasshen batir, kuma aikinsa irin wanda ake tsarawa ne a natse. Wanda bai kai nan ba, kuɗin sun fi amfani a wajen sauti. 'Yan kallo suna haƙuri da hoton da bai kai ba, amma ba sa zama a kan muryar da iska ta cinye.

Abin ɗauka kuwa yana nan jibge a yankin. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa a kogin Haɗeja ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki da ke cinye shinkafa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu. A Baturiya, wadda ta shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, tsuntsaye na sauka daga Turai duk hunturu. Manomi da makiyayi da masunci suna rayuwa a kan ruwa ɗaya, kuma faffaɗan hoto na iya haɗa su ukun a firam guda, a ga tazarar da ke tsakaninsu da abin da ya haɗa su. Yawancin hotunan waɗannan abubuwa baƙi ne ke zuwa su ɗauka su tafi. Matashin da aka haifa a wurin ya san ranar da ruwa ke isowa da wanda ya kamata a tambaya.

Wanda ya ga yana buƙatar faɗin nan, ya fara da yanke sama da ƙasa na wata guda, ya ga ko ya iya cika firam ɗin da abin da ke da ma'ana. In ya iya, ya sayi ƙaramin na waya. In aikin ya fara biyan kansa, lokacin ne zai ɗauki tocila ya tafi duba Sankor ko Kowa, da jerin kuɗin kayan haɗi a rubuce a aljihunsa.